Ranar da Aka Tambayi Iya Yelwa Sunan Ɗanta

Duk wanda ya saba ratsa layin masu kayan miya a kasuwar Wudil ranar Juma'a ya san Iya Yelwa mai daddawa, ko da bai taɓa jin sunanta ba, domin hancin mutum yakan riga idonsa isa wurinta. Tana zama ne tsakanin mai kuka da mai busasshiyar kuɓewa, da faifai biyu a gabanta, da wani tsohon mafici a hannu wanda ƙudajen kasuwa suka daɗe da daina ganin girmansa. Gajeriya ce, siririya, mai kaifin ido da kaifin harshe, kuma ko ƙofar gida ba ta fita sai ta rambaɗa kwalli.

A Ɗankaza aka haife ta, a shekarar da babu wanda ya rubuta. Abin da ta riƙe shi ne, tana goyon ɗanta na fari aka daina kashe fam da sule aka koma naira, saboda haka mai son lissafi sai ya yi da kansa. Mijinta, Malam Gwadabe, manomi ne mai haƙuri, ya rasu shekarun baya ya bar mata gida da itatuwan ɗorawa a gona. A wurin uwar mijin ta koyi sana'a: a dafa kalwa har ta yi laushi, a surfa, a wanke, a rufe a bar ta ta ruɓe yadda ake so, sannan a daka a mulmula a shanya. Aiki ne mai cin itace da cin kafaɗa, ga wari wanda ba ya sallama kafin ya shiga gidan maƙwabta. Da wannan warin ta aurar da 'ya'yanta mata, da shi kuma ta ɗora ɗanta na fari, Ja'afar, a kan karatu har ya zama hedimasta, ya gina gida mai fenti a Sabon Gari.

A nan ya wajaba a faɗi wani abu game da Iya Yelwa, domin in ba a san shi ba sauran labarin ba zai zauna ba. Mace ce irin ta mutanen da, mai riƙon alkunya. Tun ranar da aka kai ta ɗaki har aka binne Malam Gwadabe ba ta taɓa furta sunansa ba, bayan rasuwarsa ma ba ta ga dalilin farawa ba. Haka nan ɗan fari: ba ta kiran sunansa, ba ta yabonsa, ba ta yi masa magana kai tsaye muddin akwai wanda za a aika, ko da kuwa ɗan aiken yana zaune tabarma ɗaya da su. “Mutumin Sabon Gari” take ce masa. Ba ta kuma ƙidaya 'ya'yanta a gaban baƙo. Wanda ya tambaya, amsarsa alhamdulillahi. Ana iya yin muhawara a kan ko wannan al'ada tana da amfani a zamanin nan, kuma kowane ɓangare yana da hujjojinsa. Abin da ba a muhawara a kansa shi ne, ƙin faɗin suna daban, manta suna daban.

Ja'afar ba mugun ɗa ba ne, kada a zalunce shi. Yana kai mata hatsi da kaka, yana ɗinka mata atamfa da salla. Ciwonsa guda ne, wato ya ga uwar hedimasta zaune a ƙasa tana korar ƙuda, tana ciniki da iyayen ɗalibansa. Abin ya ƙara tsananta ranar da ya gano cewa ɗaliban, a bayan idonsa, Malam Kalwa suke kiransa. Ya aika matarsa Sharifa ta roƙi Iya ta huta haka nan, duk abin da take buƙata zai yi mata. Amsar da Sharifa ta kawo gajeriya ce: “Ki tambaye shi, da turare aka kai shi makaranta?”

Da roƙo ya gaza, sai ya koma neman hujja. Mutumin da ya riga ya yanke hukunci ba ya shan wahalar samun shaidu. Iya ta kira jikarta da sunan gwaggonta sau ɗaya, ya riƙe. Ta nemi ludayi alhali yana hannunta, ya riƙe. A hankali ya fara ce wa dangi, cikin murya irin ta mai jimami, yana jin gigin tsufa ya fara taɓa Iya, kasuwa kuwa da cunkoson motocin shanu ba wurin mai gigi ba ce.

Ana cikin haka sai wasu masu bincike daga wata jami'a suka sauka a wani asibiti a garin, suna neman dattawa. Masana sun lura cewa ƙananan jijiyoyin da ke can bayan ido dangin na ƙwaƙwalwa ne, don haka ana fatan hoton cikin ido ya nuna alamar ciwon mantuwa tun kafin ya bayyana. Akwai kwamfuta mai ƙirƙirarriyar basira da ake nuna wa hotuna masu ɗimbin yawa, ana gaya mata wannan na mai lafiya ne, wannan na mai mantuwa ne, har ta koyi rarrabewa da kanta. Domin a san abin da za a gaya mata, kowane dattijo sai an yi masa tambayoyin gwada tunani bayan an ɗauki hoton. Jagoran aikin shi ne Dakta Bitrus, mutumin Filato, mai natsuwa da son gaskiya, wanda bai daɗe da zuwa ƙasar Kano ba. Mai ɗaukar hoton kuwa wata ma'aikaciyar jinya ce, Hannatu.

Ja'afar ya ce wa Sharifa ta gaya wa Iya za a duba mata ido kyauta, har da hoto. Jin hoto ya sa Iya ta ciro atamfar salla, ta ninka kwallin da ta saba.

Hannatu ta zaunar da ita gaban na'ura ta ce, “Mama, ɗora haɓarki a nan. Ki kalli ɗan koren hasken can, kar ki ƙifta.”

“'Yar nan, ba kya bari in gyara ɗankwali?”

“Ba fuska za mu ɗauka ba, Mama. Cikin idon ne.”

“Cikin ido? Me aka ajiye a ciki?”

Haske ya walƙa, Iya ta yi salati. Da aka juyo mata allon kwamfutar, sai ta ga wani abu zagayayye, ja-ja, jijiyoyi sun yi rassa a cikinsa. Ta dube shi da kyau ta ce, “Wannan ai gwaiduwar ƙwan zabo ce. Ina kwallin da na sa? Kun ɓata mini safiya.” Hannatu ta yi dariya har da riƙe ciki, ta raka Iya da Ja'afar ɗakin likita ta koma bakin aikinta. Da ta tsaya a ɗakin, mai yiwuwa labarin nan ya ƙare a nan, domin ta girma cikin Hausawa.

Kafin a fara, Ja'afar ya raɗa wa likita da Turanci cewa tsohuwar ta fara mance abubuwa sosai. Dakta Bitrus ya gyaɗa kai, ya gaishe ta da ladabi, ya soma.

“Mama, yau wace rana ce?”

“Jajiberin kasuwa.”

“Wane wata muke ciki?”

“Watan azumin tsofaffi, yau sha biyu.”

Amsoshin nan biyu daidai suke, Alhamis ce kuma Rajab ne, sai dai ba su ne amsoshin da aka tanada a ƙasar da aka tsara tambayoyin ba. Likita ya wuce zuwa tambaya ta gaba.

“'Ya'yanki nawa, Mama?”

“Alhamdulillahi.”

“Eh, mun gode Allah. Amma su nawa ne?”

“Allah ya raya na kowa.”

“To, mene ne sunan maigidanki?”

Iya ta ja bakin mayafi ta rufe baki, ta dubi bango. Ta ce, “Ya riga mu gidan gaskiya.”

“Allah ya jiƙansa. Sunansa fa?”

“Amin.”

Dakta Bitrus ya matso da kujerarsa, ya sassauta murya, ya nuna Ja'afar. “Mama, wannan da ya kawo ki, kin san shi?”

Iya ba ta ko waiwaya ba. “Ina ganinsa dai.”

“Wane ne shi a wurinki?”

“Mutumin Sabon Gari ne.”

“Yaya sunansa?”

“Likita, ga shi nan zaune da bakinsa. In sunansa kake so, ka tambaye shi mana. Ni ka ga na yi kama da mai unguwa?”

Likita ya dubi Ja'afar da idon tausayi, irin kallon da ake yi wa wanda uwarsa ta daina gane shi. Ja'afar kuwa ya sunkuyar da kai ya yi ajiyar zuciya. Bai ce uffan ba. A nan ne laifinsa yake, kuma ba ƙarami ba ne. Likita baƙo ne, tambayoyinsa baƙi ne, an kuma riga an karkatar da tunaninsa tun kafin ya buɗe baki. Ja'afar ne kaɗai a ɗakin ya san cewa da Iya ta furta sunansa, wannan ne zai zama alamar ta ruɗe. Shiru a inda magana ta wajaba ƙarya ce, sai dai ƙarya ce wadda ba ta wahalar da harshe.

Ita kwamfuta da ta duba hoton, ba ta ga wata alamar damuwa ba. Dakta Bitrus ya auna abin kamar yadda mai hankali zai auna: kwamfutar ɗaliba ce, ba ta gama koyo ba, tambayoyin kuwa an daɗe ana aiki da su. Ya gaskata tambayoyin. Ya faɗa a fili cewa wannan bincike ne, ba hukunci ba, za a tura Iya wurin ƙwararru a Kano, amma kafin nan kada a bar ta tana shiga cunkoso ita kaɗai, ta zauna cikin iyali. Kafin su iso bakin titi Ja'afar ya riga ya fassara wannan da cewa likita ya hana kasuwa har abada. A ranar aka kwaso kayanta daga Ɗankaza zuwa gida mai fenti.

Sharifa ce ta yi mata bayani, tana kame-kame. Iya ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, “Ki gaya wa mutumin Sabon Gari na ji. Tunda likita ya ce na ruɗe, ni wace ce da zan yi musu?”

Ja'afar ya yi murna da wannan biyayya. Da yana da zurfin tunani, da ta ba shi tsoro.

Juma'ar farko ta wuce lafiya, sai dai Iya ta wuni a bakin ƙofa tana kallon mata masu wucewa da ƙore a ka, ba ta ci abincin rana ba. Mako na zagayowa, Ja'afar ya dawo daga makaranta ya tarar da manyan tukwane a tsakar gidansa mai siminti, wuta tana ci, kalwa tana tafasa. Bayan 'yan kwanaki warin ya kama labule, ya kama kujerun falo, ya shiga cikin kabad ya kama shaddarsa ta zuwa taro. Matan unguwa da suka ji, sai suka fara sallama da kwanonsu. Ashe ba hana Iya kasuwa aka yi ba, kasuwar aka kawo gidan hedimasta.

Ya ce wa Sharifa, “Ki hana ta mana! Gidana ne ko kasuwa?”

“Ni? In hana mara lafiya? Ai kai ka ce ta ruɗe, Malam. Mai gigin tsufa ba a yi masa faɗa, lallaɓa shi ake yi.”

“To ki lallaɓa ta ta daina.”

“Na lallaɓa. Ta ce ta manta abin da na ce.”

Wari abu ne da mutum kan saba da shi. Abin da ba a sabawa da shi ya zo ne ranar da malaman makarantarsa suka zo duba jikin Iya, tare da wani babban jami'in ilimi da ya biyo su. Aka shimfiɗa darduma, aka kawo lemo. Jami'in ya ce, “Iya, yaya ƙarfin jiki? An ce mantuwa tana damun ki.”

“Tana damuna ƙwarai, ɗan nan. Abin jiya ba na riƙewa, sai na da. Kamar yanzu, na tuna wani yaro a gidanmu, shekarar da aka yi fari. Wanzami ya zo yi musu kaciya, yaron nan ya tsere ya faɗa rumbu. Aka wuni ana nema har bakin kogi. Da aka ciro shi, ya ɓata dawar mutane, sai da aka zubar da rabi.”

Malamai suka dubi ƙasa, kafaɗunsu suna rawa. Ja'afar ya ce, “Iya ta gaji, a bar ta ta huta.”

Iya ta dubi Sharifa. “Ki ce ban gaji ba. Shi dai yaron nan, har ya shiga aji huɗu tinkiya yake tsoro. Indo da muke zama tare a kasuwa tana da wata tinkiya, in ta yi kuka sai ya hau katanga. Ga son ɗanyar daddawa. A aljihu yake ɓoye ta, ya je makaranta yana lasa.”

Wani ƙaramin malami, wanda bai san inda kansa ke masa ciwo ba, ya ce, “Iya, yaron nan yana raye?”

“Yana nan. An ce ma ya zama babban mutum. Ni dai sunansa ya ɓace mini.”

Jami'in ilimi ya ƙware da lemo, sai da aka bubbuga masa baya.

Washegari da sassafe Ja'afar yana ƙofar ofishin Dakta Bitrus. Ya daɗe yana zagaye-zagaye kafin ya fito da maganar: shi ɗan fari ne, uwarsa ba ta taɓa kiran sunansa ba tun haihuwarsa, ba za ta kuma kira ba. Likita ya kira Hannatu ya tambaye ta. Ta dafe ƙirji ta ce, “Dakta, sunan ɗan fari ka tambaye ta? Da na miji? Ai ko wuƙa ka sa mata a wuya ba za ta faɗa ba.”

Dakta Bitrus ya cire tabarau ya riƙe kai. Ba Iya kaɗai yake tunani ba. Tsofaffin mata da yawa daga Ɗankaza da Dagumawa sun zauna a kujerar nan, sun rufe baki da mayafi sun dubi bango, shi kuma ya sa su cikin masu mantuwa. Da an ci gaba a haka, da kwamfuta ta koyi cewa lafiyayyen ido shi ne alamar gigi, domin ɗalibi ba ya wuce abin da malaminsa ya karantar da shi, ko da kuwa ɗalibin na ƙarfe ne. Ya dubi Ja'afar ya ce, “Malam, kana zaune a nan ranar. Me ya hana ka magana?”

Ja'afar ya ce, “Ban so in katse ka ba ne, Dakta.”

Hannatu ta ce, “Kai, Malam hedimasta akwai ladabi.”

Abin yabo ga likitan shi ne bai kare kuskurensa ba. Ya dakatar da aikin, ya zauna da Hannatu da wasu dattawan gari suka sake tambayoyin, ya aika a dawo da duk matan. Da aka dawo da Iya, ya ba ta haƙuri, sannan ya ce ta lissafo masa masu zama a layinta na kasuwa. Ta fara daga bakin hanya, kowace da sunanta, da garinsu, da abin da take sayarwa, da wadda ke haɗa kukarta da ganyen banza. Sai da ya ɗaga hannu ya ce ya isa. Ya ce shi bai ga abin da zai hana ta kasuwa ba, ta dai riƙa zuwa ana duba ta kamar kowane dattijo.

Ja'afar ya ɗauka magana ta ƙare, har ya fara tunanin wanda zai wanke labule. Amma Iya ta ƙi motsawa. Labari ya riga ya zaga kasuwa cewa Yelwa ta haukace, Indo ta baje tattasanta a wurinta, kuma babu mai sayen abin miya a hannun wadda ake cewa ba ta san abin da take zubawa a tukunya ba. Ta ce wa Sharifa, “Ki gaya masa, bakin da ya kai ni shi zai dawo da ni. In ba haka ba, nan ma ciniki yana tafiya, ga inuwa, ga famfo.”

Mutum yakan yi awo tsakanin kunya biyu ya ɗauki mai sauƙi. Ranar Juma'a da hantsi aka ga hedimasta, cikin farar shadda, yana bin layin masu kayan miya rumfa-rumfa, yana durƙusawa gaban tsofaffin mata yana cewa Iya lafiyarta ƙalau, likita ya tabbatar, shi ne ya yi gaggawar magana. Indo ta sa ya maimaita, wai kunnenta ya yi nauyi. Ya maimaita. Ta ce a ƙara ɗaga murya saboda mai kuka ma ta ji. Ya ɗaga. Sannan ta janye tattasanta tana cewa, “Dama ajiye mata wurin na yi, kada wani ya zauna.”

Iya ta shimfiɗa buhunta ta zauna, ta jera faifai. Mutane suka yi dafifi, wasu don su ga wadda aka ce ta haukace ta warke, wasu don su ga hedimasta a durƙushe. Ta bar su suka taru sosai, sannan ta nuna su da mafici ta ce, “Kallo ba kyauta ba ne. Duk wanda ya tsaya ya saya, wanda ba zai saya ba ya matsa, yana tare mini iska.”

Kafin a kira sallar Juma'a faifan biyu sun zama wayam. Ta karkaɗe su, ta ce da Indo ta aika a gaya wa Sharifa a jiƙa mata kalwa ninkin ta makon jiya.